Wutsiyar Addu'a

Belcoo, 9 ga Nuwamba, 1983

Wilma,

Ina gaishe ki, ina gaida yayarki Myrtle in za ta amsa. Da fatan tarin nan ya sake ki.

Yau kwana tara da binne Mama, kwana takwas da tafiyarki. Kin ce kada in zo, kada in buga waya, to ga takarda. Jar saniyar ta haihu, mace. Kare ya ƙi cin abinci sai a ƙofar baya inda kike ba shi. Ban san inda kika ajiye murfin babbar tukunya ba.

Ba na son tone-tone, amma ke ma ki duba. Gawar uwata na kwance a falo, dangi sun cika gida, Fada Gilroy, limamin cocinmu, na jan carbi. Muka kai ƙarshen Addu'ar Ubangiji, kowa ya ce amin inda Katolika ke tsayawa, sai muryarki ita kaɗai ta zarce da wutsiyar nan taku ta Furotesta, mai zancen mulki da iko, har ƙarshe, da ƙarfi kuwa. Shekara ashirin da bakwai kina gidan nan, kin san inda muke tsayawa. Ƙanwata Concepta ta ce da gangan kika yi, don ki nuna wa gawa ba a ci ki da yaƙi ba. Ni ban ce haka ba. Iyakar abin da na ce shi ne, "Wilma, ba a nan ba." Ɗan wannan ne zai sa mace ta haɗa akwati?

Ki dawo. Kafin Kirsimeti kowa ya manta.

Mijinki,
Malachy

Enniskillen, 13 ga Nuwamba

Zuwa ga Malachy,

Bayan gaisuwa. Na isar wa Myrtle, ta ce ta ji. Murfin yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda yake tun kafin a haifi 'yarmu Bronagh.

Ka ce ba a nan ba. To a ina? Aurenmu ma ba a cikin cocinku aka ɗaura shi ba, a ɗakin gefe ne inda Fada ke rataye rigunansa, ba fure, ba ubana. Na sa hannu a takarda cewa duk abin da na haifa naku ne, Katolika, na kuma cika alkawari. Bronagh tana shekara bakwai ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce uwarta ba za ta shiga Aljanna tare da su ba. Ni na lallashe ta, kai kana wajen shanu. Kowace Lahadi ka kawo ni garin nan, ka sauke ni a bayan shagon mai nama, in taka sauran da ƙafa ko ana ruwa, don kada a ga motar gidanku, gidan Devenney, a ƙofar cocinmu. Ban taɓa buɗe baki ba, kuma wannan laifina ne.

Kada ka zaci daɗi nake ji a nan. Tagar ɗakin da aka ba ni bango take kallo. Mijin Myrtle yana kirana matar Paparoma yana dariya, a coci kuma mata na gaishe ni kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. A wurinku ni 'yar Furotesta ce, a nan matar Katolika. Kewa tana damuna, Malachy, amma ta nan ba ta fi ta gidanka ba.

Ka gaya wa Concepta ba da gangan na yi ba. Ba kuma suɓutar baki ba ce irin wadda kake zato. Wata goma sha huɗu Mama tana kwance, wa ke zama da ita da rana? Ba ka taɓa tambayar abin da muke yi ba.

Ka huta lafiya.
Wilma

Belcoo, 18 ga Nuwamba

Wilma,

Gaisuwa mai yawa. Na samu murfin, na gode.

Takardarki ta yi kwana uku a aljihuna. Maganar shagon mai nama gaskiya ce. Da farko tsoro ne, kin san zamanin rikicin Katolika da Furotesta da muke ciki, ana lura da motar kowa. Daga baya ya zama sabo, ban ƙara tunaninsa ba. Ban san kina lissafe da shi ba.

Concepta tana kawo miya ran Talata, ta zauna ta yi ta magana, in ta tafi sai in ji gidan ya ƙara girma. Jiya na dafa shayi na zuba kofi biyu. Kare ne ya sha naki.

Na tuna wata rana da bazara na shigo neman almakashi, na ji muryoyi biyu a ɗakin Mama. Na ɗauka rediyo ne, don ban taɓa jin ta yi miki magana fiye da ta gishiri da magani ba. To yanzu na tambaya. Me kuke yi?

Mijinki,
Malachy

Enniskillen, 22 ga Nuwamba

Zuwa ga Malachy,

Bayan gaisuwa. Tunda ka tambaya.

Ka san uwarka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ita waccan" take cewa. Da yatsunta suka daina riƙe carbi, sai ta ce in taya ta addu'a. Na ce ban san naku ba, sai guda ɗaya da muka yi tarayya a kai, Addu'ar Ubangiji. Muka fara. Da muka kai inda kuke tsayawa na tsaya, na haɗiye sauran kamar kullum. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ina ganin leɓenki na motsi. Shekara nawa kina haɗiye abin nan a teburina? Fito da shi kada ya shaƙe ki."

Daga ranar, kullum in mun kai wurin sai ta yi shiru ta jira. In ƙarasa, sannan mu ce amin tare. Wani lokaci ta yi tsaki ta ce mu dai Furotesta ba mu san a gama magana ba. Amma ko sau ɗaya ba ta riga ni ba. A satin ƙarshe ta ce kada in gaya wa Concepta, kuma ranar ce ta fara ce mini Wilma.

Ranar makoki na rufe ido, ga ta kwance a ɗakin, ga addu'ar tamu. Ban ma ji amin ɗinku ba. Na ɗauka jirana take yi. Na ƙarasa, na saurara in ji nata, sai na ji muryarka.

Mutum ɗaya ce ta taɓa jirana a gidan nan, kun kuwa binne ta. Abin da ya sa na haɗa akwati ke nan.

Ka huta lafiya.
Wilma

Belcoo, 3 ga Disamba

Wilma,

Ina gaishe ki. Ban iya tsara magana ba, kin sani.

Ranar da takardarki ta zo na durƙusa a kicin na yi addu'ar. Na kai wurin tsayawa, na yi shiru, na jira. Ba wanda ya ƙarasa, sai agogo. Haka nake yi kullum tun ranar, har a coci, Concepta na zungurina da gwiwar hannu. Kwana goma ke nan ban ce amin ba.

Gaya mini ranar da zan zo.

Mijinki,
Malachy

Enniskillen, 7 ga Disamba

Malachy,

Na gaishe ka. Lahadi, ƙarfe sha biyu da rabi muke fitowa daga coci. Ba sai ka shiga ba, amma a bakin ƙofa, ba bayan shagon mai nama ba. Akwatin yana haɗe, in ban ga motar ba, sai in kwance shi.

Amin ɗin, ka ci gaba da riƙewa tukuna.

Wilma