Fankar da aka kafa a inuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, a taimaka mini da shawara don Allah, domin abin nan ya hana ni sukuni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da ya koma kunnen mutumin ba.

Ni 'yar Kano ce, ina aikin nas, muna zaune a Fort Washington, a Amurka. Maigidana ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Shekarun baya shi da amininsa, wanda zan kira Alhaji, suka haɗu suka sayi wani ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, suna ɗaure shi a wata marina, wato tashar ajiye ƙananan jiragen ruwa, a bakin kogin Potomac. Da farko har tsiya nake yi wa maigidan nawa, na ce mutumin da ko kududdufin unguwarsu bai taɓa shiga ba shi ne yau direban jirgi. Amma jirgin nan ya zama wurinsa shi da 'yarmu Ummi, duk Asabar suna can. Ummi a nan aka haife ta, kana yi mata Hausa tana ba ka amsa da Turanci, sai babanta ya kafa doka cewa in an taka jirgi ba Turanci. Wallahi duk Hausar da ke bakin yarinyar nan a cikin jirgin ta koye ta.

Cikin jirgin akwai ɗan ɗaki, kuma zafi da raɓar nan garin suna sa ya yi funfuna. Kafin maigidana ya kwanta ciwo ya sayo fanka mai sola, irin wadda ake huda rufi a kafa tana zuƙo iska waje. Shi da Ummi sun daɗe suna lura da rana kafin su zaɓi wuri, saboda inda ake ɗaure jirgin akwai wata babbar bishiya da ginin ofishin marina da ke rufe bayan jirgin da inuwa, gaban ne kawai ke samun rana. Sai ya zana da'ira da fensir a kan murfin gaba, ya ce nan za a huda. Bai samu ya huda ba.

A asibiti, a gabana, ya riƙe hannun Alhaji ya ce, "Ga amanar Ummi da jirgin nan, kada ka bari ta daina zuwa." Alhaji yana hawaye ya ce ya ɗauka. Shi ya yi masa wanka, shi ya tsaya a kan komai har na gama takaba, ba zan ɓoye alherinsa ba.

Watan jiya Alhaji ya ce zai sa a kafa fankar, na yi ta godiya. Da muka je ni da Ummi sai muka tarar an huda rufin ɗakin ta baya, can cikin inuwa, fanka ko motsi ba ta yi. Ummi ta ɗauka batirin da ke cikinta ne ya mutu. Ni kuma na kira wanda ya yi aikin, wani bawan Allah ɗan Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, na tambaye shi ko kuskure aka yi. Ya ce a'a Hajiya, shi ma ya ga da'irar fensirin, amma Alhaji ya ce a bar ta, wai a inda jirgin zai koma, bayansa ne zai riƙa kallon rana. Na ce zai koma ina? Sai mutumin ya gane ya yi suɓul da baka, dole ya faɗa mini sauran. Ashe Alhaji ya riga ya yi wa surukinsa, wanda ya auri 'yarsa kwanan nan, alkawarin jirgin, za a kai shi bakin ruwan gidansu can cikin Virginia kafin sanyi ya shigo.

Na je gidan Alhaji a Upper Marlboro, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, sannan na yi maganar. Bai musa ba. Ya ce ai rabin jirgin nasa ne, kuma ba ƙwace mana zai yi ba, duk ranar da muka ga dama mu je. Tafiyar awanni ce fa, ni kuma ina aiki a ƙarshen mako. Da na tuna masa maganar asibiti sai ya ce, "Maman Ummi, yarinya ce mace, gobe za ta tafi kwaleji ta yi aure, me za ta yi da jirgi?" Matarsa tana gefe tana cewa in yi haƙuri. Na fito ina tuƙi ina kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da nake zuba masa godiya a kan fankar, ya riga ya san dalilin da ya zaɓi wurin, ya kuma amsa godiyar.

Yanzu ban san ta inda zan ɓullo ba. In na kai maganar gaban manyan masallaci za a ce matar marigayi ta tona asirin wanda ya rufa mata asiri, kuma kun san mu nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa. In na ɗauki lauya, zumunci ya ƙare ke nan. In na yi shiru kuma, na taya shi cin amanar.

Ummi ba ta san komai ba har yanzu. Har Baffa take ce wa Alhaji. Jiya ta sayo sabon batiri da kanta, ta zo ta same ni a kicin ta ce, da Hausa, "Mama, ranar Asabar mu je in gyara fankar Baba." Na ce to. Don Allah 'yan uwa, in faɗa mata gaskiya kafin Asabar, ko in bar ta ta je ta sa batirin ta zauna tana jiran fankar ta juya?