Baba Ya Miƙa wa Maƙeri Ƙafarsa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zafin Agadas? Ina su Rabi da yara? Mu nan Korgom da sauƙi.

Ƙanenmu Ila ya koma shan giya, taɓin hankalin nan kuma ya tashi. Ran kasuwa ya yayyaga rigarsa yana zagin mutanen da shi kaɗai ke gani. Sai Baffa Idi ya kirawo maƙeri da marin ƙarfe, wai a ɗaure shi a gindin itacen bedi kamar jaki.

Yaya, Baban nan da ya rantse ba zai ƙara cin tuwo kwano ɗaya da mashayi ba, shi ya zauna ƙasa gaban jama'a, ya miƙa ƙafarsa. Ya ce wa maƙerin, "Ni na haife shi. Fara da tawa." Maƙeri ya tattara ƙarafansa ya fita.

Yanzu Baba ke kai shi asibiti Maradi, shi ke ba shi magani da hannunsa. Jiya na leƙa zaure na tarar suna cin tuwo, kwano ɗaya.

Ka gaida kowa. Ka sa su a addu'a, su biyun.

Ƙanwarka,
Hadiza