An Gode wa Na'ura

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya gwiwar Inna? Don Allah a daina barinta tana hawa bene.

Ni lafiya lau, sai aiki. Kin san shekara uku ke nan ina kan tsofaffin littattafan likitanci, irin na farko da aka buga da inji. Takardunsu sun tsufa, taɓawa kaɗan sai su yage. Sai Farfesa ya haɗa ni da injiniyoyi masu ƙera hannun ƙarfe, wai ya riƙa buɗe shafukan. Aka liƙa mini wayoyi a yatsu, wata takwas ina buɗewa yana kwaikwayo, har ya koyi ɗan dakatawar da nake yi kafin in ɗaga gefen takarda. Yatsuna har yanzu suna tsami, amma ba komai.

Makon jiya aka wallafa binciken. Sunaye bakwai, babu nawa. A ƙarshe har an gode wa na'urar, wai saboda taushin hannunta. Na tunkari Farfesa, ya yi murmushi ya ce, "Ai ke taimako kika yi, 'yata." Wai 'yarsa! Na haɗiye, don takardar izinin zamana a ƙasar nan tana hannunsa.

Allah ya raya yara. Ki gaishe da Baba. Firam ɗin da ya sa kafinta ya yi don shafin da sunana zai fito, ki lallaɓa ki sa hoton Inna a ciki. Ya daina goge gilashin banza kullum.

Ƙanwarki