Farar wutar da ta tashi a maƙerarka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Hassan mai tukwane, Yelwa.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna lafiya, sai ƙafar nan da ka sani. Na gama jami'a, na fito da digirin kimiyyar sinadarai, wata huɗu bayan rasuwarka.

Akwai abin da ya faru ranar Talata, na kasa gaya wa kowa sai kai.

Yaya Bala na narka alminiyam a maƙerarka, ina gefe ina kallo. An kawo ƙarafan gwangwan daga Wara, cikinsu akwai murfin tsohon injin yankan katako. Ni na jefa shi cikin kaskon narki ba tare da na tambaya ba, don a ido alminiyam ne. Ashe maganiziyam ne, ƙarfen da ke kama wuta. Da ya kama, sai wata wuta fara fat ta tashi, mai hasken da ido ba ya iya tsayawa a kai.

Baba, na san wannan wutar. Na rubuta ta a jarrabawa. Maganiziyam in yana ci aka zuba masa ruwa, ƙwace iskar oksijin yake yi daga cikin ruwan, ya saki iskar haidirojin, ita ma ta kama wuta. Na san haka sarai, amma bokitin ruwa na rarumo.

Yaya ya buge mini hannu, bokitin ya kife a ƙasa nesa da murhu. Ya kwashi busasshen yashi da shebur ya dinga zubawa har ta lafa. Ko faɗa bai yi mini ba. Cewa kawai ya yi, “Malamin boko, farar wuta ba a ba ta ruwa. Baba bai gaya maka ba?”

Ba ka gaya mini ba.

Shi ka nuna wa. Shi ka koya wa ya kankare ƙarfe ya ɗiga masa lemun tsami, in ya yi kumfa a ware shi. Shi ka tsayar a gefenka kana nuna masa koren harshen wuta, ka ce akwai jan ƙarfe a ciki. Ni kuwa ko leƙowa na yi daga zaure sai ka ce, “Koma ga littafinka, Nasiru.”

Na koma. Yanzu ina iya bayanin dalilin da ya sa gishiri ke ba da rawayar wuta, jan ƙarfe kore, sinadarin fotashiyam kuma shuɗi mai ratsin ja. Kowane ƙarfe da hasken da yake saki idan zafi ya motsa shi. Yaya bai san sunan ko ɗaya ba da Turanci. Amma shekara goma sha biyar ya yi kafaɗarsa na gogar taka, hannunsa ya san abin da naka ya sani. Masunta in sun zo daga bakin ruwa sayen tukunya, ɗan Malam Hassan suke ce masa. Ni sai sun tambaya wane ne.

Kishinsa nake yi, Baba. Kwana uku ke nan ban iya cin abinci kwano ɗaya da shi ba, alhali shi ya tsare mini idona da fuskata.

Jiya ya same ni a soro, ya ce wai kai ka hana a nuna mini komai. Wai ka ce wutar maƙera in ta riƙe yaro ba ta sakinsa, kuma ɗaya ya ishe ta a gidanka. Ban san ko haka ka faɗa ba, ko lallashina yake yi. Inna ta ce ba ta ji ba. Ni mutum ne mai son tabbatar da abu kafin in yarda, ga shi wanda zan tambaya ba ya nan.

Ya ce in zo Asabar mu ware ƙarafa tare. Zan je, zan kuma zauna a ƙasa kamar sabon shiga. In da gaske ka hana, ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya cire mini wannan abu daga zuciya kafin Yaya ya gane shi a fuskata.

Ɗanka na biyu,
Nasiru