Matakalar da Ta Fi Ƙarfin Gwiwar Mama

Samaru, Zariya

Zuwa ga Yaya Sebastian,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da Anti Clara da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan kalau muke, in ban da gwiwar Mama da ka sani.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, raina a ɓace yake. Ranar Asabar muka kai Mama sabon gidan da kake ginawa ta ga ɗakinta na saman bene, wanda ka yi mata alkawarin taga mai kallon coci. Taki uku ta hau, ta tsaya tana haki, ta kasa gaba ta kasa baya, sai da na rungumo ta muka sauko. Washegari bayan sujada na tafi Sabon Gari na sami Amaechi magini da zanen gidan a hannuna, na shirya wanke shi tas. Bawan Allah bai yi musu ba, ya biyo ni da tef ɗin awo. Daga ƙasa zuwa bene ƙafa goma ne. A zane taki goma sha bakwai aka tsara, tsayin kowanne wajen inci bakwai, faɗinsa sha ɗaya, ga wurin hutawa a tsakiya. Abin da ke tsaye yanzu taki sha uku ne, kowanne ya haura inci tara, tsayin bulo guda ke nan, faɗin kuwa ko silifas ɗina bai ɗauka ba. Wurin hutawar ma babu shi.

Amaechi ya ce sau biyu ya gargaɗe ka a waya, ka ce ya matse matakalar don a sami gurbin ƙarin ɗaki ɗaya na hayar 'yan jami'a. Ashe ɓarawon a cikin gida yake, ni ina can ina zargin bare. Haba Yaya, shekara nawa matar nan ta yi tana durƙuso gaban kaskon waina kafin ka zama abin da ka zama? Waccan gwiwar ce ka auna da ta ɗalibi ɗan shekara ashirin?

Amaechi ya ce gyara ɗaya ne, a fasa a sake, ƙarin ɗakin nan kuma ya tafi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka ba da izini kafin a yi filasta. Ban gaya wa Mama dalili ba, ita tana ganin tsufanta ne ya jawo. Jiya ta miƙo mini wayarta ta ce, “Hau ki ɗauko mini hoton ɗakin nan nawa, in ga abin da ɗana ya gina mini.” Na hau, na ɗauko.

Ka gaishe da Anti Clara, da Eric da Lovelyn. Inna Bibiana ta Basawa tana gaishe ku.

Ni ce ƙanwarka mai jiran amsa,
Elizabeth