Sirdin da ya raba ni da kekena

Zuwa ga Mudir, shugaban masana'antar da ta ƙera kekena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatanku.

Yallaɓai, sunana Zuwaira, daga Damagaram nake. Mijina ɗalibi ne a nan Alƙahira, muna haya a gefen Ma'adi, bayan layin dogo. Ni malamar makaranta ce tun a gida, a nan kuma ina bin gidaje ina koya wa yara Faransanci. Da Hausa na rubuta wannan takarda, don da ita kaɗai zan iya faɗin abin da ke damuna. Wata ƙawata ce za ta juya ta zuwa Larabci. Mijina ma ban iya ba shi ya karanta ba.

Na ɗaya. Keken da na saya a wajen dillalinku keken mata ne, ba shi da sandar tsakiya, doguwar riga ba ta hana ni hawa. Na gode da wannan. Amma sirdin da kuka ɗora masa irin na maza ne: siriri, mai dogon hanci, ga tauri kamar an sassaƙo shi daga icce. Da farko ina daurewa. Gidaje biyar nake zagawa a wuni, kuma keken ya raba ni da cunkoson bas, inda mace ba ta da yadda za ta kare jikinta.

Na biyu. Bara na haihu. Haihuwar ta zo da wuya, sai da aka yi mini ɗinki. Bayan na gama wanka na koma aiki, ranar farko ban kai gida na biyu ba na sauka, na tura keken da hannu ina hawaye a bakin titi. Ba zan bayyana wurin da ke ciwo ba, ku tambayi duk matar da ta haifa.

Na uku. Ban zauna haka nan ba. Na naɗe sirdin da tsohon zane, ya zame. Na kai wa mai ɗinkin katifa ya cusa masa auduga, cikin mako guda ta dunƙule ta fi da ciwo. Na sa fatar ragon layya, zafi ya sa fatata ta saɓule. Agalatin unguwarmu, wato mai gyaran keke, dattijo ne mai kirki. Ya sunkuyar da hancin sirdin, sai na riƙa zamewa gaba, wuyan hannuna ya kumbura. Daga ƙarshe ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, abin da masana'anta ta aiko ke nan, babu wani.

Na huɗu. Na shiga jirgin ƙasa zuwa tsakiyar gari, na bi shagunan kekuna ɗaya bayan ɗaya. Duk maza ne a ciki. Wani ya tambaye ni, gaban abokansa, wai a ina daidai yake yi mini ciwo. Suka yi dariya. Larabcin da na sani ya gudu daga bakina, na juya na fita. Wani kuma ya ba ni shawara in zauna a gida. Sau biyu na zo ƙofar masana'antarku. Mai gadi ya ce Mudir ba ya nan, in dawo gobe. Da na dawo, ya ce ba a ganin Mudir kan maganar sirdi.

Akwai wata Baturiya a ɗaya daga gidajen da nake koyarwa, ita ma tana da keke. Rannan da na ga babu kowa a farfajiya, na danna sirdinta da tafin hannu. Faffaɗa ne, gajere, da sifirin biyu a ƙasa. Ta ce daga ƙasarsu ta zo da shi. Ashe ana yin irinsa a duniya. Ni dai ba ni da wanda zai kawo mini.

Na biyar. Makon jiya likita, mace ce, ta duba ni ta ce khalas, wato shi ke nan, in na sake hawa a haka ciwon zai zama gyambo. Yanzu da ƙafa nake zagawa. Gidaje biyu sun sallame ni saboda latti, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin 'yata Nana. A da ina komawa gida da azahar in ba ta nono in sake fita. Yanzu sai la'asar sakaliya. Maƙwabciyata Ummu Sayyid da ke riƙe mini ita tana ba ta ruwan sukari har in dawo. Nonon ya fara ja baya, yarinyar ta fara ƙin sa.

Yallaɓai, ban san ko wannan takarda za ta wuce mai gadi ba. In ta iso hannunku, ga roƙona. Ku ƙera wa keken mata sirdin da ya dace da mata, ko ku shigo da shi. Kafin ku ƙera, ku sa mace ta tambayi mata, don ba za mu iya faɗa wa namiji ba. Ku ja kunnen dillalanku su daina mai da mu abin dariya. In kuwa babu ɗaya da za a yi, don Allah ku aiko mini ko da layi ɗaya ne, in sani, in sayar da keken in daina sa rai.

Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi, ya shirya muku zuri'a, ya sa kada 'ya'yanku mata su taɓa tsayawa gaban baƙo suna neman bakin da za su faɗi ciwonsu.

Wassalam.

Malama Zuwaira,
Ma'adi, Alƙahira.