Na Buɗe Rumbun da Ka Yaɓe

Assalamu alaikum, Malam,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake. Amma kai ka matsa mini shiga ajin yaƙi da jahilci, har matan Durba suna yi mini dariya wai da furfurata nake koyon karatun boko. To ga ranarsa ta zo, sai ka yi haƙuri da karkataccen rubutuna.

Yaƙi ya ƙare, Malam. Abin da ka yi ta roƙon Allah ya nuna maka ya zo ba ka nan. Samarinmu suna ta dawowa ɗai-ɗai a motar Rano, wasu da ƙafarsu, wasu da sanda, wasu kuwa kayansu kawai aka kawo wa iyayensu. Habibu ɗanmu ya dawo. Kunnensa na hagu ba ya ji, ya kuma rage surutu, amma tuwo yana cin sa kamar da.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na buɗe rumbun nan, Malam. Da hannuna.

Tun kana majalisa a Kaduna, kullum ka dawo gida maganarka ɗaya ce, abinci. Da soja suka rufe majalisar na ɗauka kunnena zai huta, ashe zaure za ka mayar majalisa. Yaƙi na farawa ka rubuta wa Di'o, jami'in mulkin yankinmu, a kan leburorin hanya da ake sa wa aiki ciki ba komai. Ka rubuta a kan 'ya'yanmu da ke bakin daga, ko suna ƙoshi. Wanda ya fi ci maka rai shi ne 'yan kwangila da ke kwashe dawa a kasuwannin Rano da Kibiya don ciyar da soja, mutane kuma suna sayar musu har da irin shuka. Ka ce in samari suka dawo babu iri, yunwa za ta ƙarasa abin da bindiga ta bari. Shi ya sa ka zaɓi manyan zangarniyun ƙaura, ka cika babban rumbu, ka yaɓe bakinsa da laka. Kana kwance ciwon ajali ka bar wasiyya kada a buɗe shi sai sojan Durba sun dawo.

Malam, jawabi kam ka iya, kowa ya shaida. Amma yaushe ka taɓa sussuka? Ni da nake yini da dawa na san iri ba ya jiran kowa. Ban daɗe da fita takaba ba na ga gari yana zubowa ta gindin rumbun, na san ƙwari sun shiga. Na gaya wa ƙanenka Malam Idi. Ya ce wasiyya ba abin wasa ba ce, kuma a gidanku mace ba ta hawa rumbun miji. Ni dai ban yarda ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, shi ya tafi kasuwar Kibiya, ni kuma na ci ɗamara na jingina tsani. Na fasa yaɓen da fartanya, ga sawun yatsunka nan a jikin laka. Na bi gidajen da 'ya'yansu ke soja na raba wa iyayensu da matansu. Aka yi gayya aka shuka, da kaka kowane gida ya kawo sabbin zangarniyu aka mayar rumbu. Haka muka riƙa yi kowace shekara.

Ban ji da daɗi ba. Malam Idi ya ɗauke mini gaisuwa damina guda. A gidan suna na ji ana cewa na ci amanarka tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Wannan maganar ta sa ni kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da kana nan me za ka ce? Za ka yi faɗa ne, ko za ka yi wannan gyaran muryar taka in an kama ka da kuskure?

Ni ma da 'yar shakkata, shi ya sa na bar dami ɗaya na tsohon irinka ban taɓa ba. Bana na sussuke shi na shuka a bayan ɗaki, kunya uku cif. Na jira kwana goma. Abin da ya tsiro ban cika yatsun hannu ɗaya da shi ba. Na tsaya a kansa na daɗe, ina tunanin da na bi wasiyyar, da shi za mu tarbi yaran nan.

Sabon kuwa ya ishi kowa. Duk sojan da ya dawo ya sami abin shukawa, Habibu ma jiya ya gama tasa gonar. Shekaranjiya Malam Idi ya yi sallama da ƙwarya a hannu, wai nasa irin bai yi kyau ba. Bai tada maganar baya ba, ni ma ban tada ba, na cika masa har tana zuba.

Ka yafe mini hawan da na yi ba da izininka ba. Amma kada in ruɗe ka, Malam, da za a mayar da ni wannan ranar, sai na sake jingina tsanin.

Allah ya jiƙan ka, ya sada mu da alheri. Ina kewarka ƙwarai.

Ni ce matarka,
Rabi, Durba